Newton Minow: Lauyan Da Ya Gaya Wa Masu Gidajen Talabijin Gaskiya

 Ina so in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni in kawo tarihin wani lauya Ba'amurke mai suna Newton Minow, wanda ya mutu ran 6 ga Mayun 2023 yana da shekara 97 a duniya.

Akasarinmu in an ce lauya, abin da kan faɗo mana a rai shi ne baƙar riga da hular gashi da gardama gaban alƙali. Shi wannan mutum sunansa ya fito ne daga wani ofishin gwamnati da ya riƙe na shekara biyu da 'yan watanni kurum. A wannan ɗan lokaci ya sa hannu cikin dokokin da suka canza talabijin da wayar tarho, har tasirinsu ya iso ƙasarmu. Tun da yake a cikinmu akwai lauyoyi, akwai injiniyoyi, akwai kuma ma'aikatan gwamnati irina, na ga ya dace mu duba yadda ya yi, mu ga inda ya ci nasara da inda abin ya faskara.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Newton Minow ran 17 ga Janairun 1926 a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin, a gidan Yahudawa masu sana'ar wanki da guga. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga soja, aka tura shi sashen sadarwa a fagen yaƙin Indiya da Bama da Sin, watau yankin nan da kakanninmu na Arewa da dama suka je yaƙi a ƙarƙashin tutar Ingila. Rundunarsa tana cikin waɗanda suka ja layin tarho tsakanin Indiya da Sin. Da aka gama yaƙi sai ya shiga Jami'ar Northwestern da ke kusa da Cikago, ya sami digirin farko a 1949, ya kuma gama karatun lauya a 1950.

A 1951 ya zama magatakardan Babban Jojin Amurka, Fred Vinson, a Kotun Ƙoli. Daga nan ya koma ofishin Gwamnan jihar Illinois, Adlai Stevenson, a matsayin mataimakin mai ba da shawara kan shari'a. Stevenson ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1952 da 1956, duk biyun Janar Eisenhower ya kayar da shi, Minow kuwa yana tare da shi a kowanne. To, amma faɗuwar ta zo masa daidai da zama, domin a yawon kamfe na 1956 ne ya shaƙu da Robert Kennedy, ƙanen Sanata John Kennedy, suka riƙa tattaunawa kan yadda talabijin ta fara gogayya da gida da makaranta da majami'a wajen tarbiyyar yara. Da John Kennedy ya ci zaɓe a 1960, sai ya naɗa Minow shugaban Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wadda aka fi sani da FCC. Ya kama aiki a Maris 1961 yana ɗan shekara 35.

Hukumar da ya tarar

An kafa FCC ne da Dokar Sadarwa ta 1934. Hikimar dokar ita ce, zangon da rediyo da talabijin suke bi cikin iska ƙayyadajje ne. In tasha biyu suka hau zango ɗaya a gari ɗaya, ba za a ji kowaccensu ba. Saboda haka aka ce iskar nan dukiyar jama'a ce, kamar kogi ko burtali, gwamnati ce za ta ba mutum lasisi ya yi amfani da wani yanki nata na ɗan lokaci, bisa sharaɗin zai yi aiki don maslahar jama'a. A zamanin Minow wa'adin lasisin shekara uku ne, kuma kyauta ake bayarwa.

A takarda ke nan. A zahiri kuwa, sabunta lasisi ya zama sa hannu kawai, hukumar kuma sunanta ya ɓaci. A 1958 wani kwamishinanta, Richard Mack, ya yi murabus saboda zargin karɓar kuɗi a kan lasisin wata tasha a birnin Miami. Tsakanin 1958 da 1959 asiri ya tonu cewa a wasu shirye-shiryen kacici-kacici na talabijin ana ba wasu 'yan takara amsa tun kafin a fara. A Maris 1960 shugaban hukumar kansa, John Doerfer, ya sauka bayan an gano ya yi kwanaki yana shaƙatawa a jirgin ruwan wani attajiri mai gidajen rediyo da talabijin, watau ɗaya daga cikin mutanen da aka ɗora masa alhakin sa wa ido. An ba kura ajiyar nama, in ji masu iya magana. A lokacin kuwa kusan gida tara cikin goma a Amurka akwai akwatin talabijin, kuma manyan kamfanoni uku ne, ABC da CBS da NBC, suke yanke abin da jama'a za su kalla kowane dare.

Jawabin 9 ga Mayun 1961

Wata biyu da kama aikinsa, ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta gayyace shi babban taronta a Washington. Al'adar da aka saba ita ce shugaban hukuma ya zo ya yabe su, a ci abinci a watse. Minow ya fara da yabon, ya ce in talabijin ta yi kyau ba abin da ya fi ta, amma in ta lalace ba abin da ya kai ta muni. Sa'an nan ya ƙalubalanci kowannensu ya zauna gaban akwatinsa tun daga buɗe tasha har rufewa, ba littafi a hannu, ba jarida, ba takardar lissafin riba, ya zura ido kawai. Ya ce abin da zai gani shi ne wani makeken fako: wasannin cin kyauta, da barkwanci iri ɗaya, da harbe-harbe da zub da jini, da 'yan fashi, da talla a kan talla ba ƙarewa. Ya tuna musu cewa yara suna ɓata lokaci gaban akwatin nan kamar yadda suke yi a aji. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya fi tayar musu da hankali, cewa lasisi ba gadon gidan kowa ba ne, kuma daga yanzu in an zo sabuntawa za a auna abin da tasha ta yi alkawari da abin da ta aikata. Ya kuma jaddada cewa shi ba ya goyon bayan gwamnati ta riƙa tace shirye-shirye ko toshe bakin kowa.

Gaskiya ɗaci gare ta. Masu tashoshi suka fusata, wasu suka ce yaro ne ɗan boko mai son ɗora wa talakawa abin da shi yake so. Wani mai shirya wasan kwaikwayo, Sherwood Schwartz, da ya fito da shirinsa na barkwanci Gilligan's Island a 1964, sai ya raɗa wa jirgin ruwan da ya tarwatse a cikin wasan suna Minnow don shaguɓe. Jama'ar gari kuwa wasiƙu suka yi ta aiko masa, mafi yawa na goyon baya. Har ƙarshen rayuwarsa Minow yakan yi ƙorafin cewa maganar fako aka riƙe, alhali shi maslahar jama'a ya so a tuna.

Jawabin ya ɗan yi tasiri. Kamfanonin uku sun ƙara yawan shirye-shiryen bincike da faɗakarwa a shekarun da suka biyo baya, kuma a Satumban 1963 CBS da NBC suka faɗaɗa labarun yamma daga minti 15 zuwa minti 30. Amma shirye-shiryen da ya soka ba su gushe ba, don su ne masu kawo talla.

Dokoki uku na 1962

A nawa ganin, aikinsa na ainihi yana cikin dokoki uku da ya bi ta Majalisa har suka tabbata a 1962, waɗanda ba su yi ƙara kamar jawabin ba.

Ta farko ta shafi akwatin talabijin kansa. Zango iri biyu aka ware wa talabijin: VHF mai layi 12, daga 2 zuwa 13, da UHF mai layi 70, daga 14 zuwa 83. Manyan kamfanoni sun riga sun mamaye na farkon. Na biyun yana nan a buɗe, sai dai akwatunan da ake sayarwa akasari ba sa kama shi. Masu ƙera akwati suna cewa ba za su ƙara na'ura ba tun da ba tashoshi a can, masu jari kuma suna cewa ba za su buɗe tasha ba tun da ba akwatin da zai kama. Kowa yana jiran kowa. Dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a Yulin 1962 ta ba FCC ikon tilasta wa masu ƙera akwati su sa na'urar kama duka layukan, aka fara aiki da ita a 1964. Minow ya fahimci cewa in ba za ka iya tilasta wa mai tasha ya yi shiri mai kyau ba, za ka iya buɗe ƙofa wasu su shigo su yi gogayya da shi.

Ta biyu ita ce dokar da ta ware dala miliyan 32 don gina tashoshin talabijin na ilimi, waɗanda ba su dogara da talla ba. Har ila yau ya tsaya kai da fata sai da aka mai da layi na 13 na yankin New York tashar ilimi a 1962. Waɗannan tashoshi su ne suka zama harsashin tsarin talabijin na jama'a da dokar 1967 ta kafa, wanda ya haifi PBS. Shi kansa Minow ya shugabanci hukumar PBS daga 1978 zuwa 1980.

Ta uku ita ce Dokar Tauraron Ɗan'adam na Sadarwa. An ruwaito cewa Minow ya gaya wa Kennedy tauraron sadarwa ya fi aika mutum sararin samaniya muhimmanci, domin shi ra'ayoyi zai ɗauka, ra'ayi kuwa ya fi mutum daɗewa. Ran 10 ga Yulin 1962 aka harba Telstar, mallakar kamfanin tarho na AT&T, aka ga hoton talabijin ya tsallaka tekun Atlantika kai tsaye. Nan take tambaya ta taso: wa zai mallaki wannan sabuwar hanya, gwamnati ko 'yan kasuwa? Aka tsaya a tsaka-tsaki, aka kafa kamfani mai zaman kansa mai suna Comsat, rabin hannun jarinsa na kamfanonin sadarwa, rabi na jama'ar gari, shugaban ƙasa kuma yana naɗa daraktoci uku. Wasu sanatoci irin su Estes Kefauver da Wayne Morse suka ce wannan kyauta ce aka yi wa 'yan kasuwa da abin da aka gina da kuɗin haraji, suka yi ta jan magana a zauren Majalisar Dattijai don hana ƙuri'a, har sai da majalisar ta kaɗa ƙuri'ar tsayar da muhawara, abin da rabon da a yi tun 1927. Kennedy ya sa hannu ran 31 ga Agustan 1962.

Inda labarin ya taɓo mu

Telstar yana shawagi ne kusa da ƙasa, saboda haka minti 20 ko makamancin haka kawai ake samu a yi amfani da shi tsakanin Amurka da Turai a kowane zagaye. Maganin wannan shi ne a kai tauraro nisan kilomita kusan 36,000, inda zai riƙa zagayawa daidai da juyawar duniya. Hukumar NASA ta gwada haka da Syncom 2 a Yulin 1963, kuma ɗaya daga cikin tashoshin gwajin wani jirgin ruwan Amurka ne mai suna Kingsport da aka girke a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ran 23 ga Agustan 1963, ta wannan tauraro, Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa. Wannan ne karo na farko a tarihi da shugabannin gwamnati biyu suka yi waya ta tauraron ɗan'adam. Sun taɓo yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya, sun kuma taɓo damben da Dick Tiger ya doke Ba'amurke Gene Fullmer a Ibadan a wannan wata.

Minow ya riga ya bar ofis a watan Yunin shekarar, kuma Syncom aikin injiniyoyi ne. Amma tsarin doka da ya taimaka aka kafa shi ne ya mai da gwaji ya zama sana'a. Ta hannun Comsat aka kafa ƙungiyar Intelsat ta ƙasa da ƙasa a 1964, ta harba tauraronta na farko, Early Bird, a Afrilun 1965, mai ɗaukar layin tarho 240. Nijeriya ta shiga wannan tsari, ta buɗe tashar Lanlate a 1971, daga bisani aka gina ta Kujama kusa da Kaduna. Duk iyayenmu da suka taɓa bin layi a ofishin NET ko NITEL don yin waya da wani ɗan'uwa a Makka ko Landan, akwai yiwuwar muryarsu ta bi ta wannan hanya.

Bayan barin gwamnati

Da zai sauka, Minow ya rubuta wa Kennedy takarda yana ba da shawarar a raba FCC gida biyu, domin a ganinsa bai dace hukuma ɗaya ta zama ita ce mai tsara ƙa'ida, ita ce mai tuhuma, ita ce kuma alƙali ba. Ba a karɓi shawarar ba. Ya yi aiki da kamfanin Encyclopaedia Britannica, sa'an nan a 1965 ya shiga wani ofishin lauyoyi na Cikago wanda daga baya ya haɗe da babban ofishin da aka sani da Sidley Austin, inda ya yi sauran rayuwarsa ta aiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa daga baya shi ne muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa. Sashe na 315 na dokar 1934 ya ce in tasha ta ba ɗan takara ɗaya fili, dole ta ba sauran duka daidai da shi, ko da su goma sha ne. Majalisa ta ɗage sashen na zaɓe ɗaya tak, shi ya sa aka ga Kennedy da Nixon a 1960, amma a 1964 da 1968 da 1972 ba a yi muhawara ba. A 1975 FCC ta yi sabuwar fassara, cewa in wata ƙungiya dabam ce ta shirya muhawara, tashoshi suna iya ɗauka a matsayin labari. Ta wannan kafa Ƙungiyar Mata Masu Zaɓe ta shirya muhawarar Ford da Carter a 1976, Minow yana cikin shugabannin kwamitin. Ya kuma taimaka wajen kafa hukumar muhawara ta dindindin a 1987, wadda ta shirya na kowane zaɓe daga 1988 zuwa 2020. A 2024 'yan takara suka tsallake ta, suka yi yarjejeniya da gidajen talabijin kai tsaye.

A ofishin nasa na Sidley ne wani ɗalibin lauya mai suna Barack Obama ya zo aikin hutu a 1989, ya haɗu da Michelle Robinson wadda ya aura. A 2016 Obama, yana shugaban ƙasa, ya rataya wa Minow lambar girmamawa mafi daraja da Amurka ke ba farar hula. 'Ya'yansa mata uku duk lauyoyi ne, ɗayarsu, Martha, ta shugabanci makarantar koyon aikin lauya ta Harvard daga 2009 zuwa 2017.

Inda ake sukarsa

Ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa abin suka ga mai riƙe da muƙami. Wasu masana sun ce barazanar lasisi tacewa ce ta bayan gida: ko gwamnati ba ta hana shiri ba, mai tasha zai hana kansa don tsoro, kuma sandar da mutumin kirki ya sassaƙa yau, gobe mugu ne zai ɗauka. Wasu kuma suka ce baki ne kawai ba cizo, tun da ba wata babbar tasha da ta rasa lasisi saboda rashin ingancin shirye-shirye a zamaninsa. An kuma lura cewa ofishin lauyoyinsa ya daɗe yana wakiltar AT&T, shi kansa ya zauna a hukumar daraktocin CBS, watau ya koma cin abinci da waɗanda ya taɓa sa wa ido. Hukumar muhawarar ma an zarge ta da toshe ƙananan jam'iyyu. Bugu da ƙari, ra'ayin nasa bai ɗore a FCC ba: Mark Fowler, wanda ya shugabance ta daga 1981 zuwa 1987, ya ce talabijin kayan gida ce kamar injin gasa burodi, illa dai tana da hoto, kasuwa ce za ta daidaita ta. Wa'adin lasisi ya yi ta ƙaruwa daga shekara uku har ya kai takwas bayan dokar 1996.

Abin da ya shafe mu

Mu a nan mun zo ta wata hanya dabam. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, duk a hannun gwamnati, kuma sai a 1992 aka kafa NBC da Dokar Soja ta 38 da NCC da ta 75, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. A Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a bainar jama'a kan dala miliyan 285 kowanne, a ƙasar da layukan tarhonta ba su wuce kimanin 400,000 ba. Cikin 'yan shekaru waya ta shiga hannun mai shayi da mai faci. Wannan ya tabbatar da darasin Minow na UHF, cewa ƙa'ida mai kyau wadda ta buɗe ƙofa ta fi wa'azi dubu. Ita ma shawarar tasa ta raba mai tuhuma da alƙali ta sake tasowa a gabanmu a Mayun 2023, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce da za ta ci tarar tashoshi da kanta.

'Yan'uwa, da yawanmu yanzu mun fara hawa kujerun da ake ba da lasisi, ko izini, ko kwangila, ko ake duba aikin wasu. Kowannenmu zai gamu da irin jirgin ruwan da ya ci Doerfer, ko da a siffar kujerar Makka ko buhun shinkafa ya zo. Zai kuma gamu da jarabawar da ta fi wannan wuya, wato ya yi amfani da ikon ofis ya danne wanda ya ɓata masa rai, yana cewa maslahar jama'a yake karewa. Ga lauyoyinmu matasa da ƙannenmu da ke aji shida, ina ba da shawarar su dubi wannan fanni: dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da rabon zango, da laifuffukan intanet, duk suna neman masu ilimin doka da suka fahimci na'ura, kuma muna da ƙarancinsu a Arewa. In ba mu zauna a teburin da ake rubuta ƙa'ida ba, wasu za su rubuta mana, mu kuma mu bi.